An Cire Wa Yayana A'a Daga Baki

Duk ranar da na ji ana gardamar ko injinan hirar nan na cikin waya sun fara tunani irin na mutane, sai raina ya ɓaci. Maigidana da abokansa sukan baje a bencin ƙofar shagona su yi ta ja, wannan ya ce inji ya kusa kamo ɗan Adam, wancan ya ce har abada. Kullum maganar ɗaya ce, kowa da layin da ya haddace, in ka taɓa shi nan ka riga ka san abin da zai fito. Ni kaina ban tsira ba, don in wadda ta kawo min ɗinki ta leƙo ta ce ina kayana, "gobe in sha Allah" ya riga ya fita kafin in tuna ko wace ce. Amma namu wasa ne. Na san mutumin da aka yi ta sassaƙewa har ya koma yana magana irin ta injin, tun kafin a ƙera injin ma. Yayana ne, cikinmu ɗaya, shi nake bi. Kuma ina wurin ranar da aurensa na shekara ashirin da wani abu ya rataya a kan kalma ɗaya da kowane yaro ya iya faɗa.

Wanda ya san Yaya yana saurayi zai rantse ƙarya nake masa. Ɗan gardama ne na ƙin ƙarawa. Ka ce masa rigar nan shuɗiya ce, ya ce ka je a duba maka ido. Babanmu zai kunna rediyo, mai karanta labarai na faɗi Yaya na mayar masa, har sai Baba ya cire takalmi ya jefe shi. Ni da shi kuwa ba a magana, a kan wanke kwano ɗaya sai mu kai azahar muna kafa hujja, Mama ta gaji ta wanke abinta. Matarsa ma, wadda nake kira Anti, da gardama ya samo ta. A tashar mota suka haɗu, ta ce ta riga shi shiga layi, ya ce sam, suka yi ta yi har motar ta cika ta tafi ta bar su tsaye. Anti ta sha gaya min abin da ya sa ta aure shi ke nan. Ta ce duk samarin da ke zuwa wurinta ba su da zance sai "haka ne, ranki ya daɗe", shi kaɗai ya kalli tsabar idonta ya ce mata ba haka ba ne, ya kuma kawo dalili.

Muryarsa ce ta jawo masa. Allah ya ba shi murya mai sanyi, ga iya jera zance, sai wani kamfanin layin waya ya ɗauke shi a sashen masu amsa kiran jama'a. Su ne waɗanda in katinka ya ƙi shiga ko an yanke maka layi za ka kira ka zazzage musu. Sau ɗaya na taɓa shiga wurin, ranar da na kai masa makullin gida da ya manta. Dogon ɗaki ne ba taga ko ɗaya, sanyin na'ura har cikin ƙashi, an yayyanka shi da allunan katako kamar akurkin kaji. Kowa na cikin nasa, da abin ji a kunne da ɗan makirfo a gaban baki, yana fuskantar kwamfuta. A saman kwamfutar akwai agogon da ke fara gudu da zarar an ɗauki kira, in ka daɗe sai ya koma ja. Ɗaki cike da mutane, kowa na magana, kuma wallahi duk da murya ɗaya, ba mai ɗagawa ba mai saukewa.

Dokar aikin ita ce ba a ce wa mai kira a'a. Ba a musa masa, ko da ya ce rana daga yamma take fitowa. Za ka fara maimaita masa abin da ya faɗa don ya san ka ji, ka ce ka fahimci yadda yake ji, ka ba shi haƙuri, amma kada ka kuskura ka ce laifin kamfani ne. In ya zage ka, ka gode masa da ya sanar da kai. Ana naɗar kowane kira, ƙarshen wata shugabar sashen ta zaunar da kai ta kunna maka muryarka, tana tsayarwa tana nuna maka inda ka kauce.

A watanninsa na farko Yaya ya kauce sosai. Wani mutum ya kira yana ihu wai an sace masa kati, Yaya ya duba ya ga shi da kansa ya cinye abinsa a kira, ya kuwa gaya masa haka, da hujja, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba yi wa mai labaran rediyo. Gaskiya ce tsantsa ya faɗa. Shugabar ta kunna kiran a gaban kowa, ta ce in ya sake irin wannan ya ajiye musu abin kunnensu ya kama gabansa. A lokacin Anti na da tsohon ciki, Baba kuma ya kwanta ciwon da bai tashi ba, gida biyu na kan Yaya. Ya zo ɗakina da yamma ya zauna a bakin gado ya ce, "Auta, zan koyi yin shiru da baki a buɗe." Na yi dariya na ce kai ɗin, sai dai in an sake haifar ka.

Ya koya kuwa, har ya fi kowa. Bango guda na falonsu ya cika da allunan yabo, sabbin ma'aikata da muryarsa ake koya musu aiki.

Da farko abin dariya ne a gida. Anti za ta ce, "Malam, famfon bayi ya sake tsiyaya." Sai ya ce, "Idan na fahimce ki daidai, famfon bayi ne ke tsiyaya. Ina ba ki haƙuri, za a duba." Mu kwashe da dariya, shi ma ya yi, ya ce bakin ne ya saba. 'Yarsu tilo, wadda muke kira 'Yar Baba, ta fi kowa tsokanarsa. Takan toshe hanci ta ce, "Barka da rana, kuna magana da Babana, da me zan taimaka?" Ita kaɗai ce kuma ke iya tono tsohon Yaya. Za ta hau hannun kujerarsa ta ce ƙungiyar ƙwallon da yake so ba ta iya komai ba, ta yi ta zungurar sa, yana cewa kowa da ra'ayinsa, tana ƙara wuta, har sai ya manta kansa ya ce, "Ke, rufe min baki, me kika sani a ƙwallo?" Sai ta dira ta tafa ta ƙwala wa uwarta kira, "Mama, fito, Baba ya dawo!" Anti takan fito da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa tana sauraro.

Shekaru na tafiya, dawowar na ƙara wuya. Mutum ya wuni ana zaginsa yana godiya, gari ya waye ya koma, me kake tsammani zai rage a cikinsa? Ya daina cewa abinci ya yi gishiri. Ya daina zaɓen tashar da za a kalla. Maƙwabcinsu ya fitar da katanga ya cinye musu rabin hanyar shiga gida, Yaya ya je ya saurare shi, ya fahimce shi, ya dawo. Anti ce ta ɗaura ɗamara ta je ta yi faɗan, ta dawo tana huci ta tarar da shi yana goge takalmin gobe. In dangi sun taru kan wata matsala aka ce, "Yaya, me ka gani?" sai ya maimaita abin da wannan ya ce, ya maimaita abin da wancan ya ce, ya ce kowa da gaskiyarsa, a duba. Aka ɗauke shi mai haƙuri, har ana kafa wa yara misali da shi. Ni haushi yake ba ni. Na taɓa ce masa, "Yaya, kai fa ka zama bango, abin da aka jefa maka shi ke dawowa." Ya ce, "Na gode da kika faɗa min, Auta." Na ji kamar in kwaɗa masa almakashin da ke hannuna.

'Yar Baba ta lura fiye da mu. Da ta shiga makarantar koyon jinya takan biyo ta shagona in rage mata farar rigarta, ta zauna a kan teburin yanka tana kaɗa ƙafa. Ta ce min, "Gwaggo, Baba fa ba haƙuri ba ne, ciwo ne. Bari in gama in fara aiki, da kaina zan je in cire masa abin nan daga kunne." Na ce Allah ya nuna mana, na ci gaba da ɗinkina.

A shekararta ta ƙarshe zazzaɓi ya kama ta. Aka ɗauka na kwana biyu ne, kafin a farga ya hau kai. Ina barandar asibitin tare da Yaya da hantsi, muna zaune a kan bencin ƙarfe, sai Anti ta fito daga ɗakin ba mayafi, ta tsaya a gabansa.

"Malam," ta ce, "ta tafi."

Hannunsa nake kallo. Ya damƙe bakin bencin har jijiyoyi suka fito. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Sai muryar nan ta fito, mai sanyi, a jere, ba gargada.

"Na fahimci yadda kike ji. Ina ba ki haƙuri a kan wannan abin da ya faru. Ki kwantar da hankalinki, muna tare da ke."

Anti ta zuba masa ido.

"Kai da wa?" ta ce.

Ta juya ta rungume ni, a kafaɗata ta yi kukanta.

Daga ranar gidan ya mutu. Anti ba ta fara da faɗa ba, jira ta yi. Tana jira ya fashe, ya yi kuka, ya fasa kofi, ya zagi likita, komai ma. Da aka gama zaman makoki ya sa rigarsa ya koma aiki. Da jiran ya ƙi, sai ta koma tsokana irin ta 'yarta, amma tata ba dariya a ciki. Ta zuba masa gishiri a shayi, ya shanye. Ta ƙona masa rigar aiki da gangan, ya ce ba komai, irin haka na faruwa. Ranar da ta kai maƙura ta tsaya a kansa ta ce, "Kai ka kashe ta. Da ka bar aikin nan ka kai ta asibiti da wuri, da tana nan." Ya ce mata tana da gaskiya ta ji haka.

Ita da kanta ta zo shago ta ba ni labarin, idanunta sun kumbura.

"Auta, na san ba shi ya kashe ta ba," ta ce. "Ni ce ma na ce a bari zuwa gobe a gani. So nake ya ce min ƙarya nake yi. Ya daka min tsawa, in san da mutum nake zaune a gidan nan. Ni kaɗai nake wannan rashin, kamar ni kaɗai na haife ta."

Na ba ta haƙuri, ina bayarwa ina jin kunyar kalmar a bakina.

Ana cikin haka kamfanin ya sallame su. An tara su a dogon ɗakin nan aka ce yanzu an samu injin hira da zai riƙa amsa wa jama'a, a rubuce ko da murya, ba gajiya ba hutun cin abinci. Wani abokin aikinsa ya gaya min shugabar har kiran Yaya ta yi gaba, ta ce da kiran da aka naɗa na ƙwararrun ma'aikata aka koyar da injin, kuma nasa sun fi na kowa yawa a ciki, a tafa masa. Aka tafa. Wasu na zagi ƙasa-ƙasa, wata na kuka, Yaya ya ce ya gode da aka sanar da shi.

Ya dawo gida ya zauna, daga shi sai Anti sai allunan yabo a bango. Wata rana layinta ya samu matsala ta rubuta wa kamfanin, injin ya amsa. Ta taho shagona da wayar a hannu, ko sallama ba ta yi ba, ta miƙo min. Na karanta. Yaya ne sak, har da "idan na fahimce ki daidai". Ta karɓe wayar, a gabana ta rubuta cewa 'yarta ta rasu. Kafin ta ɗaga yatsa amsa ta fito. Wai ya fahimci yadda take ji, yana ba ta haƙuri a kan abin da ya faru, ta kwantar da hankalinta, suna tare da ita.

"Kin gani?" ta ce. "Tun ranar asibiti nake jiran ya faɗa min abu ɗaya da wannan ba zai iya faɗa ba. In dai wannan ne, ai ina da shi a jaka, ba sai na dafa masa abinci ba."

A ranar ta haɗa kayanta ta koma gidan wanta, wani direban babbar mota da kowa ke kira Direba. Yaya ne ya ɗaukar mata akwatin har bakin titi, ya tsayar mata da abin hawa.

Na bi ta can na yi magiya, na yi kuka, na haɗa ta da Allah. Ta ce ba ta ƙi shi ba, har gobe tana son mutumin da ta aura, in dai yana nan. Ta ce ya zo sau ɗaya ya yi mata magana da bakinsa. In ta ji shi ne, a ranar za ta bi shi gida. In kuma injin ne ya zo, to ya sawwaƙe mata, ta gaji.

Na wuce gidansa na tarar da shi a falo. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa, kwanon abincin da na aika masa jiya na nan a rufe yadda aka kawo shi. Na gaya masa abin da ta ce.

"To me zan ce mata?" ya tambaye ni.

Na ce ka ce kana son ta, ka ce gidan ba daɗi ba ita, ka ce ka yi kuskure. Ya maimaita min su tsaf, a jere, da muryar nan, ko numfashi bai sarƙe ba.

"Tsaya," na ce. "Manta da su, duka. Kada ka faɗi ko ɗaya daga abin da na ce. In ba ka da naka, gara ka je ka zauna mata shiru."

Ya dube ni da idanun da suka faɗa.

"Auta, in na leƙa ciki ina ganin abin. Hanyar fitowa ce babu."

Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci guda irin na ranar ba. Na buɗe kwanon na tsaya a kansa har ya ci loma biyu.

Washegari da la'asar muka je. Falon Direba ƙarami ne, kujeru uku da wata tsohuwar fanka mai ƙara. Ya gaisa da Yaya, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Ke na san bakinki. Ki bar su su yi, kada ki sa musu baki." Ya ɗauki kujerar roba ya fita waje. Anti ta fito ta zauna a kujerar da ke fuskantar Yaya, ta harɗe hannu. Ni na rakuɓe kusa da ƙofa.

Can Yaya ya gyara murya ya ce, "Da farko ina so in ba ki haƙuri a kan..." Anti ta yunƙura za ta tashi. Ya katse. Ya sa tafin hannu ya toshe bakinsa, da gaske, ya danne. Da ya cire hannun, muryar da ta fito ban san ta ba. A shaƙe take, tana karyewa.

"Layinta," ya ce. "Layin 'Yar Baba. In layi ya daɗe ba a taɓa shi ba, ana ba wani. Ni na sha gaya wa mutane haka. Sai na riƙa sa masa kati. Wayar na cikin durowata a wurin aiki. In an fita cin abinci sai in kira, in ji tana ƙara a durowa. Ba na zuwa cin abincin, kira nake. Da aka sallame mu na rikice, na manta ban sa ba. Yanzu wani ne ke ɗauka. Ban san shi ba. Zagina yake yi. Jiya ma na kira."

Ya ja numfashi, ƙirjinsa na hawa da sauka.

"Ranar asibiti na nemi magana tawa. Na rantse na nema. Ban samu ba, tasu ce ta fito. Ki dawo. Ba na iya wucewa ta ƙofar ɗakinta ni kaɗai."

Ban san da zancen layin nan ba, ko kusa. Hawaye suka wanke min fuska. Anti ma kuka take, ta warware hannayenta, ta matso bakin kujera har gwiwarta ta kusa taɓa tasa. Na ce a raina alhamdu lillahi, an gama, yau tare za mu koma.

Amma macen da ta yi shekaru ana ciyar da ita magana mai daɗi wadda ba komai a cikinta, ba za ta haɗiyi wata ba sai ta latsa ta tukuna. Ta share ido da gefen mayafi, ta kalle ni, ta kalle shi.

"Malam, maganar nan ta yi kyau da yawa," ta ce. "Auta ce ta tsara maka ita, ko?"

Na buɗe baki. Ta ɗaga min hannu ba tare da ta waiwayo ba.

"Ba ke na tambaya ba."

Ina ganin fuskarta sarai daga inda nake, kuma zan iya rantsuwa a kan abin da na gani. Ba zarginsa take ba. Ta san ni, ta san kaina bai kai ya ƙirƙiro wayar da ke ƙara a durowa ba. Ƙofa ta buɗe masa. Ta faɗi abin da ba haka ba ne don ya ce mata ba haka ba ne. Idonta roƙonsa yake. Ya ce a'a kawai, ko ya ce ke wace irin mace ce, ko ya buga hannun kujera. Ni kaina a cikina cewa nake, faɗi mana Yaya, faɗi.

Ya kalle ta. Leɓensa ya motsa. Sai na ga kafaɗunsa sun daidaita, bayansa ya miƙe irin zaman da na gan shi yana yi a wurin aiki, fuskar ta lafa.

"Kina da gaskiya ki yi tunanin haka," ya ce. "Na gode da kika faɗa min."

Anti ta daɗe tana kallonsa, hawayen suka tsaya don kansu. Ta ja da baya ta jingina, ta gyara mayafinta.

"Shi ke nan, Malam," ta ce a hankali. "Allah ya ba ka lafiya. Ka sawwaƙe min."

Na manta da gargaɗin Direba. Na miƙe ina rantse-rantse, na ce wallahi ban tsara masa ba, ban ma san da maganar layin ba sai yanzu, ta tambayi wanda take so.

"Na sani, Auta," ta ce. "Ai shi ya sa."

Ta shige ciki ta ja ƙofa a hankali. Direba ya leƙo, ya ga fuskokinmu. Ya raka mu bakin ƙofar gida ya ce mu gaida gida.

Ni da Yaya muka fito babban titi. Masu gyaran babur na ta buge-bugensu, wata na kwashe shanya a saman bene, kowa na harkarsa. A nan na fashe. Na faɗa masa duk abin da ya zo bakina. Na ce ya kashe aurensa da hannunsa, na ce matar nan saura kaɗan ta durƙusa masa, na ce ko jaririn da bai yi haƙori ba ya iya ture cokali in ba ya so. Mutane na waiwayen mu, ban damu ba.

"Me ya hana ka ce mata a'a? Gaya min, me ya hana ka?"

Ya tsaya cak a gefen kwata ya juyo. Na zaci kunya zan gani a fuskarsa, sai na ga mamaki.

"Na ce," ya ce. "Tun ba ta rufe baki ba nake cewa. Da ƙarfi ma."

Ya kai hannu ya taɓa maƙogwaronsa.

"Ba ta fito ba?"

Da gaske yake tambaya. Na nemi fushin nan na rasa inda ya shiga.

"Ba ta fito ba, Yaya," na ce.

Ya gyaɗa kai, hannun na nan a wuyansa. Na kama ɗaya hannun na tsallaka da shi titi, don na ga ba ya kallon motoci.